Graham Furniss da Adabin da Ake Rainawa

Farfesa Graham Furniss Bature ne ɗan Ingila. Ya yi shekaru masu yawa yana koyar da Hausa da adabinta a makarantar SOAS ta Jami'ar Landan, har ya yi ritaya. Tun yana ɗalibi ya zo Kano ya zauna da mawaƙan ƙungiyar Hikima, wadda Alhaji Mudi Sipikin ya jagoranta, kuma a kan waƙoƙinsu ya sami digirinsa na dakta.

Babban aikinsa shi ne littafin da ya fito a 1996, mai suna Poetry, Prose and Popular Culture in Hausa. A ciki ya bi tatsuniya, da karin magana, da kirari, da waƙar baka, da rubutacciyar waƙa, da wasan kwaikwayo. Abin da ya sa nake girmama littafin shi ne bai ɗora malami a kujera ya bar makaɗi a ƙasa ba. Ya saurari Mamman Shata da kunnen da ya saurari Aƙilu Aliyu. Tambayarsa kullum ita ce: wa ke magana, da wa yake yi, me kuma yake so ya cim ma? Ga wanda ya saba jin ana cewa kiɗa aikin maroƙa ne kawai, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Haka ya yi da littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino. Lokacin da masu ilimi da yawa ke kiransu adabin kasuwa, shi tara su ya yi. A 2004 shi da Malami Buba da William Burgess suka buga jerin sunayen waɗanda suka fito daga 1987 zuwa 2002. Bayan shekara uku aka ƙone wasu irinsu a Kano a bainar jama'a. Takardarsu ma ba ta da ƙwari, gara da damina sun ishe ta.

Amma ina da ƙorafi, 'yan'uwa. Da Turanci ya rubuta littafin nan, Turanci mai nauyi kuwa. Malamin firamare a Maraɗi ko Garwa, wanda Faransanci ya koya, ba zai iya karanta abin da aka faɗa game da waƙar mahaifiyarsa ba. Marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya rubuta Hausa a Rubuce da Hausa tun 1988, kowa ya ga harshen ya iya ɗaukar irin wannan kaya. Ya kamata ɗaliban Furniss su mai da littafinsa Hausa.