4.3 Tarken Jigon Faɗakarwa a Fim Ɗin 13 Reasons Why

Wannan fim mai dogon zango, wanda kamfanin Netflix ya fitar a shekarar 2017, an gina shi ne a kan littafin da Jay Asher ya wallafa a 2007. Babban jigonsa shi ne faɗakarwa game da kashe kai a tsakanin matasan Amurka. Tauraruwar labarin, Hannah Baker, ɗalibar sakandare ce wadda ta bar kasa-kasai ɗauke da dalilai 13 da suka sa ta hallaka kanta, kowane dalili kuwa yana ɗora laifi a kan wani. Babu shakka fim ɗin ya yi ƙoƙari wajen fito da illar tsangwama da ƙazafi da fyaɗe a makarantu. Sai dai a ra'ayin wannan nazari, zubi da tsarinsa sun ci karo da jigon nasa ta fuskoki uku.

Da farko, an warware jigon ne ta yadda dalilan duk suka rataya a wuyan wasu mutane. Ba a ba ciwon damuwa muhimmanci ba, alhali cuta ce da likitoci ke magancewa, kuma tana cikin manyan abubuwan da ke kai matashi ga wannan hali.

Na biyu, salon amfani da kaset ya sa muryar Hannah ta ci gaba da juya masu rai bayan mutuwarta. Ta haka sai mutuwar ta zama tamkar hanyar ramuwar gayya. Wannan saƙo ne mai haɗari ga mai kallon da ke cikin ƙunci.

Na uku, an nuna malamin ba da shawara, Mista Porter, ya kasa taimakonta a lokacin da ta je gare shi. Abin da matashi zai fahimta shi ne kai kuka ga manya ba shi da amfani.

Wannan damuwa tana da tushe. Tun a 1974 David Phillips ya nuna yadda yayata labarin kashe kai kan jawo kwaikwayo, ya kuma laƙaba wa abin sunan Werther, tauraron littafin Goethe na 1774. Haka kuma, binciken Jeffrey Bridge da abokan aikinsa na 2019 ya gano ƙaruwar kashe kai da kashi 28.9 cikin ɗari tsakanin 'yan shekara 10 zuwa 17 a Amurka a watan Afrilun 2017, wato bayan fitowar fim ɗin, kodayake alƙaluman ba su tabbatar da cewa shi ne sanadi ba. A watan Yulin 2019 kamfanin ya cire fitowar da ta nuna mutuwar Hannah.

Bisa ga wannan, za a iya cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta wadatar da aikin faɗakarwa. Ma'aunin da ya dace da irin wannan aiki shi ne ko ya nuna wa mai kallo cewa ciwon yana da magani, kuma akwai wurin da zai kai kukansa a saurare shi. A kan wannan ma'auni, fim ɗin ya gaza.