Surar Ɗan Dambe a Zanen Ɗalibi: Tsokaci a Kan Zanen Jiki da Tsara Wasan Kwamfuta

Wannan takarda za ta dubi ayyukan wani ɗalibin zane mazaunin Dukawuya, cikin birnin Kano, wanda ke tsara jaruman wasan kwamfuta a kan dambe. A ayyukansa na farko ya naɗa wa jarumi zare a hannu, ya rataya masa layu, amma ƙirar jikin ta zanen Japan ce: manyan idanu, siririn ƙugu, ƙafafu kamar ba su taka ƙasa ba. Wato tufafin gida ne a jikin baƙo. Irin wannan kwaikwayo ne Uche Okeke da abokansa suka ƙi a Zariya tun 1958.

Sai da ɗalibin ya lazimci zana mutum yana tsaye a gabansa sannan aikin ya miƙe. Ɗan dambe yakan tura hannun garkuwa gaba, ya ja hannun mashi baya, jiki ya karkata yana jiran sa'a. Wannan karkata ta fito sarai a zanensa na baya-bayan nan, abin da ya kamata malaman da ke rage sa'o'in zanen jiki saboda kwamfuta su lura da shi. Sai dai yatsu da gwiwa har yanzu suna ba shi wuya, yakan ɓoye su cikin ƙura.