Pele na Kano da Sauran Shanun Huɗa

Jama'a, ku bar ni in yabi Rabi'u Ali, Pele na Kano Pillars! Na san 'yan uwana na Malumfashi za su ce ga Katsina United a gida, me ya kai ni Kano. Ina son tamu, amma tun ina ɗan saurayi nake bin hanyar Dayi da Gwarzo zuwa filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, kuma zuciya ba a yi mata dole. Sai Masu Gida!

Duk manomin da ke tsakanin Funtua da Bakori ya san ba a ɗaura wa ɗanyun bijimai biyu garma. Sai an haɗa sabo da tsohon sa wanda ya san kunya, shi zai ja shi har ya daina karkacewa. To, haka Kano Pillars ta ci kofin firimiyar Najeriya sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, bayan na farko a 2008. An sauya mai horarwa a tsakani, Baba Ganaru ya tafi, Okey Emordi ya zo, amma kofi bai bar Kano ba. Dalili? Ginshiƙan suna nan: Theophilus Afelokhai a raga, Gambo Mohammed a gaba, Rabi'u a tsakiya yana rabon ƙwallo kamar mai rabon goron ɗaurin aure. Ko ido ba sa haɗawa, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai faɗo.

Shi Pele kuwa, Allah ya yi masa baiwa. Mutum ya haura shekara 40, sa'o'insa sun koma benci suna riƙe da usur, shi yana nan yana murɗa bugun tazara ta saman katangar 'yan baya, mai tsaron gida na kallo kamar an dasa shi. Ba gudu yake yi ba, ƙwallon yake aika. Yana cikin waɗanda suka ɗaga kofin Aiteo a Kaduna a 2019, bayan doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Abin da ya fi burge ni ma shi ne 2022, shekarar da ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu. Da wani ne, da ya tattara takalmansa. Shi ya zauna, aka sha ƙura tare, aka dawo a 2023.

Wani ɗan ƙanena mai yawan latsa waya ya nuna min wata irin ƙwallo ta Ostareliya mai siffar ƙwai, wadda ake yi da hannu da ƙafa. Can ma, a 2022 ƙungiyar Geelong ta fito wasan ƙarshe da tawaga mafi yawan shekaru a tarihin gasar, ta lallasa Sydney da tazarar maki 81. Na ce yaro, ai mun riga su sani, da tsohuwar zuma ake magani.

Sai ga 2024, Ahmed Musa da Shehu Abdullahi sun dawo gida. Wasan Musa na farko ya zura wa Sunshine Stars biyu. Ranar a majalisarmu ta mai shayi har masu yi min tsiya sai da suka miƙo min hannu, ni kuma na biya wa kowa shayi da kuɗin buhun masarar da na sayar.