A ƙirga bakunan mawaƙa kafin a sayi sawun-kad

Matashin da zai buɗe sutudiyo a Illela yanzu abu uku yake fara nema: kwamfuta, piyano, da ɗan akwatin nan da ke karɓar sauti daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta, wanda masu sana'ar ke kira sawun-kad. Wanda ake yayi shi ne mai ƙofa biyu, irin su Focusrite Scarlett 2i2 da ƙananan Behringer. A ganina wannan yayin ya fara zaɓa mana irin waƙar da za a adana da wadda za a bari ta salwanta.

Ƙofa biyu tana nufin makirufo biyu kawai za su yi aiki lokaci guda. Ga waƙar zamani wannan ya wadatar. Makaɗi ya haɗa kiɗa a FL Studio, mawaƙi ya ɗora murya, mai amshi ta zo gobe ta yi nata. Amma waƙar da aka san ƙasar Sakkwato da Zamfara da ita, ta su Narambaɗa da Ɗanƙwairo masu kotso da Ɗan Anace mai kalangu, aikin ƙungiya ce. Jagora yana jan ɗiya, 'yan amshi su cafe tun bai dire ba, har su yi masa ƙari, makaɗa kuma suna bin numfashinsa.

A ce makaɗin 'yan kokawa ya tsallako daga Birnin Ƙonni da mutum shida. Mai ƙofa biyu dabara biyu gare shi. Ko ya kafa makirufo a tsakiya kowa ya kewaye, kalangu ya haɗiye muryoyi, kuma babu gyara daga baya tunda komai ya cakuɗe a layi ɗaya. Ko ya riƙa shigar da su ɗaya bayan ɗaya, a maƙala wa dattijo abin saurare a kunne, a ce ya bi ƙwanƙwasar kwamfuta, alhali bai taɓa waƙa ba sai yana kallon hannun makaɗinsa. Waƙar za ta fito tsaf, amma babu armashi.

Don haka mai son aikin ƙwararru ya nemi mai ƙofa takwas ta makirufo, kamar Behringer UMC1820 ko Scarlett 18i20, yadda jagora da kowane kalangu da 'yan amshi za su samu layinsu daban. Ya lura da kyau, lambar da ke jikin kwali ba ita ce adadin makirufon ba. Wannan 18 ɗin ta haɗa har da ƙofofin dijital. Ya duba akwai ADAT, wadda ke ba shi damar ƙara wasu takwas nan gaba, da wutar 48V da makirufon kwandensa ke buƙata, da direban ASIO idan Windows yake amfani da ita, don kada mawaƙi ya riƙa jin muryarsa tana dawo masa a makare. Kada ɗan kasuwa ya ruɗe shi da 192kHz. 24-bit a 48kHz sun ishi kowace waƙa.

Masu ƙofa biyu suna da hujja mai ƙarfi. Ƙaramin akwatin daga USB yake shan wuta, ko an ɗauke lantarki batirin kwamfuta zai riƙe shi. Babban kuwa sai an jona shi a soket, ga janareto da ƙararsa da wutarsa mai hawa da sauka. Ga kuma kuɗin ƙarin makirufo da wayoyi. Duk gaskiya ne, amma sola da inbata suna maganin na farko, haɗin gwiwa kuma ya yi maganin na biyu. Sutudiyo uku za su iya haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa karɓa-karɓa ko su ba da haya.

Gari irin Illela da ke bakin iyaka, mai cin kasuwar Najeriya da Nijar, ba zai rasa makaɗan fada da na noma da na maza masu son a ɗauki aikinsu yadda suke yin sa ba. Yawancinsu sun manyanta. Sutudiyon da ya fara shirya musu wuri shi zai samu wannan cinikin.