Daftarin Lissafi da Ruwayar Baka a Tarihin Satchel Paige

Duk wanda ya ɗauki littafin tarihin wani ɗan wasan besbol na Amurka, da niyyar ya san halin mutumin da irin gwagwarmayar da ya sha, zai tarar tun bai yi nisa ba an tare shi da jerin alƙaluma, domin mutanen wannan ƙasa sun yi ittifaƙi tun fiye da ƙarni guda cewa ba a auna ɗan wasa sai da mizanin lissafi. Shi wasan, ga wanda bai taɓa ganinsa ba, na ƙungiya biyu ne masu mutum tara-tara: mai jifa ya tsaya tsakiyar fili ya wurgo ƙwallo mai tauri, mai bugu ya tare ta da kulki, in ya same ta ya zura da gudu yana neman zaga tashoshi huɗu, in kuwa ya kuskure sau uku ya fita, a yi ta haka har zango tara. Da yake kowane jifa yana da farkonsa da ƙarshensa, kuma ana iya jingina nasara ko kasawa ga mutum guda ba tare da shubuha ba, sai wasan ya karɓi ƙidaya fiye da ƙwallon ƙafa nesa ba kusa ba. Henry Chadwick, haifaffen Ingila, wanda ya fara da rubuta labarin kurket a jaridun New York, shi ne tun wajen 1859 ya tsara jadawalin da ake buga sakamakon kowane wasa a cikinsa, kowa da sunansa da abin da ya aikata.

Daga wannan jadawali ne wani fanni na rubutun tarihi ya tsiro, inda ake taƙaita rayuwar mutum sahu-sahu, shekara bisa shekara, kuma da shi ake kafa hujja ran da za a yanke ko ya cancanci shiga zauren girmamawa da aka buɗe a garin Cooperstown a 1939. Wanda ya saba da littattafan ɗabaƙoƙi na malaman hadisi, inda ake kawo mutum da shekarar haihuwarsa da wafatinsa da waɗanda ya ruwaito daga gare su kafin a ce amintacce ne ko mai rauni, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Lalle daftarin yana da falala, gama ba ya son kai, ba ya kuma karɓar kirari. Aibinsa guda ne, amma babba: ba ya shaidar kowa sai wanda aka buɗe wa ƙofa.

Tun daga ƙarshen shekarun 1880 har zuwa 15 ga Afrilu, 1947, ran da Jackie Robinson ya sa rigar Brooklyn Dodgers, masu manyan ƙungiyoyi sun haramta wa baƙar fata shiga gasarsu, ba da wata doka rubutacciya ba, sai da yarjejeniyar baki da kowa ya sani ba wanda ke furtawa. Baƙaƙe suka kafa tasu, Rube Foster ya haɗa ta farko mai ɗorewa a Kansas City a 1920. A wannan duniya ta gefe Leroy Paige, wanda aka fi sani da Satchel, ya ƙare ƙuruciyarsa. An haife shi a Mobile ta jihar Alabama a 1906. Yana ɗan shekara 12 aka kai shi gidan horon yara na Mount Meigs saboda ɗan hali, a can kuwa ya koyi jifa, ya fito bayan kimanin shekara biyar da sana'a a hannu. Ya fara cin abinci da ita a Chattanooga a 1926, ya zarce Birmingham Black Barons, sannan Pittsburgh Crawfords inda ya haɗu da mai bugu Josh Gibson, daga bisani ya zauna da Kansas City Monarchs. Zaman ma na fatar baki ne, don mutum ne da ba ya riƙon alkawarin kwantiragi in ya ji ƙamshin kuɗi a wani wuri: a 1935 yana Bismarck ta Dakota ta Arewa cikin ƙungiyar da ta gama farare da baƙaƙe, a 1937 yana Jamhuriyar Dominika yana yi wa ƙungiyar shugaba Trujillo jifa, a 1938 yana Meziko, inda dantsensa ya lalace har aka zaci ya gama.

Mas'alar da ke damun mai nazari ita ce, mafi yawan wasannin da Paige ya yi ba na gasa ba ne, na yawon ci-rani ne, yau wannan gari gobe wancan, a kara da ƙungiyar ma'aikatan masana'anta ko ta 'yan ƙauye, a raba kuɗin ƙofa, a hau mota da dare. Manyan jaridun farare ba su cika aiko da wakili ba, jaridun baƙaƙe kuwa irin su Pittsburgh Courier da Chicago Defender mako-mako suke fitowa, kuma sau da yawa sai abin da ƙungiya ta aiko musu. Inda alƙalami ya gaza sai baki ya karɓa, Paige kuwa gwanin zance ne wanda ya san cewa hikaya ita ke cika masa fili da 'yan kallo. Ya ce ya yi jifa a wasa wajen 2,500, ya ci wajen 2,000. Ya mai da shekarunsa abin wasa da hankali, yau ya faɗi wannan gobe wancan. Aka kuma ruwaito, ta hanyoyi da yawa, cewa yakan kira 'yan tsaron bayan fili su zo su zauna, ya fid da masu bugu uku a jere shi kaɗai.

Akwai hikaya guda da ta dace a gwada wannan fanni da ita, domin ta samu shaida ta fuska biyu. A gasar ƙarshe ta baƙaƙe ta 1942, tsakanin Monarchs da Homestead Grays ta su Gibson, Paige da abokinsa Buck O'Neil sun sha ba da labarin yadda ya cika tashoshi da gangan, don kawai ya fuskanci Gibson, ya riƙa sanar da shi irin jifan da ke tafe, ya kuma fid da shi. Da masu bincike suka koma ga jaridun lokacin, sai suka iske asalin abin sahihi ne, tashoshi sun cika, Gibson ya fita da jifa uku, amma ba a ambaci ganganci ba, bugun abokan hamayya ne ya cika su. A ganina wannan shi ne hukuncin mafi yawan ruwayoyinsa: gangar jikinsu gaskiya ce, ado ne aka ƙara, kuma wanda ya yar da su ɗungurungum ya yi asara daidai da wanda ya haɗiye su ba tauna.

To, ga abin da daftarin hukuma ya ce game da shi shekara da shekaru: ya ci wasa 28, an cinye shi 31. Wanda ya karanta wannan kawai zai ɗauka matsakaicin mai jifa ne, alhali bai san cewa ran da Bill Veeck ya ɗauke shi a Cleveland Indians, 7 ga Yuli, 1948, ranar ce ya cika shekara 42, lokacin da tsararrakinsa sun daɗe da ajiye sana'a. Jaridar Sporting News ta ce dabarar talla ce. A ragowar wannan kaka ya ci shida aka cinye shi ɗaya, a wani dare na Agusta mutum sama da 78,000 suka cika filin Cleveland suka ga ya hana Chicago ko maki guda, ƙungiyarsa kuma ta ɗauki kofin shekarar. Hatta komawarsa ta 1965, yana da shekara 59, wadda mai Kansas City Athletics ya shirya don nishaɗi har da ajiye masa kujerar lilo ta tsofaffi, ta ƙare da zango uku ba a ci shi ba, Carl Yastrzemski na Boston kaɗai ya samu bugu a kansa.

Gyaran ya zo sannu a hankali, kuma da jan ƙafa. Ted Williams, ran da aka girmama shi a Cooperstown a 1966, ya yi kira a bainar jama'a a shigar da Paige da Gibson. Littafin Robert Peterson na 1970 a kan gasar baƙaƙe ya farkar da masu bincike. A 1971 aka shigar da Paige, bayan an fara shawarar a keɓe wa baƙaƙe wani lungu dabam, jama'a suka yi ca har aka janye. Ya rasu a 1982. Sai a Disamban 2020 hukumar wasan ta yi iƙirarin cewa gasa bakwai na baƙaƙe, daga 1920 zuwa 1948, manyan gasa ne, a watan Mayun 2024 kuma aka zuba alƙalumansu cikin babban daftari, bayan masu sa kai sun shafe shekaru suna tonon tsofaffin jaridu. Nan take Gibson, wanda ya mutu a farkon 1947 yana da shekara 35 bai taɓa taka waccan ƙofa ba, ya hau kan Ty Cobb, wanda yake kan gaba a da, da bugu 372 cikin kowane 1,000, nasarorin Paige kuma suka haura 120.

Adalci ne, ba shakka, amma adalci ne bisa sharaɗin daftari, wato an karɓi mutanen ne gwargwadon abin da ya yi kama da tsarin waɗanda suka hana su shiga. Kakar gasar baƙaƙe gajeriya ce in aka gwada da wasa 154 na farare, wasannin ci-rani kuwa, waɗanda su ne suka ciyar da Paige suka kuma cinye dantsensa, ba su da gurbi ko kaɗan. Ƙa'idar kwamitin tantance alƙaluman da John Thorn ya shugabanta ita ce ba a karɓar komai sai da cikakken jadawali, ko da jarida ta ba da labarinsa filla-filla. Saboda haka wasan 1938 da Gibson ya tsallake katanga da ƙwallo sau huɗu bai shiga ba, haka ma bugu guda irin wannan da Willie Mays ya yi wa Birmingham a Agustan 1948, shi ya sa adadin irin wannan bugu na Mays yana nan a 660 har sai an tono takardar.