Tambaya Kafin Ƙwaya: Yadda Sabon Mai Harhaɗa Magani Ke Zama Gwani

A manyan shagunan magani masu rassa, irin su MedPlus da aka kafa a Legas a 1993, da HealthPlus da ya biyo baya a 1999, da H-Medix na Abuja, abin da ido ke fara gani shi ne kantoci masu ƙyalli da turaruka da man shafawa a jere. Can ƙurya kuwa akwai wani matashi ko matashiya cikin farar riga, da takarda a hannu ɗaya da kwalin magani a ɗayan, ga layin mutane a gaba. Da yawa daga masu shiga suna yi masa kallon mai miƙo kaya. Ni a wurina yana cikin ma'aikatan lafiyar da suka fi cancanta a jinjina musu, domin shi ne mutum na ƙarshe mai ilimin tare kuskure kafin magani ya shiga jikin ɗan Adam. Daga hannunsa sai gida, sai kofin ruwa.

Kafin ya tsaya a wurin nan ya sha karatu. Ya yi shekara biyar a jami'a, kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ko shida idan sabon tsarin digirin ya bi. Ya yi shekara guda ta horon aiki a ƙarƙashin na gaba da shi, ya zauna jarrabawar hukumar PCN mai kula da sana'ar, sannan aka yi masa rajista aka ba shi lasisin da zai riƙa sabuntawa duk shekara. Ya san yadda hanta ke sarrafa magani da yadda ƙoda ke fitar da shi. Duk da haka makonninsa na farko a kanta suna zame masa kamar wanda ya koyi tuƙi a filin ƙwallo, aka wayi gari aka ce ya ratsa da mota ta Kantin Kwari da azahar. Waya na ƙara, kwamfuta na jira, wani na cigiyar maganin da aka rubuto masa daga Indiya, wata na riƙe da yaro mai kuka. Ilimin yana nan a ka, saura a koyi fito da shi cikin minti uku ba tare da an yi tuntuɓe ba.

Darasin farko shi ne karanta takardar likita. Rubutun wasu likitoci sai an yi da gaske, kuma akwai magungunan da sunayensu ke kama da juna alhali aikinsu ya yi hannun riga. Kabamazafin na farfaɗiya ne, kabimazol kuwa na cutar maƙoƙo mai sa bugun zuciya da rama. Idan hannu ya yi sauri, haruffa kaɗan ne tsakaninsu. Gwani ba ya tsayawa ga sunan kaɗai. Yana duba ƙarfin maganin, da sau nawa aka ce a sha, da shekarun mai shi, ya ga ko duka sun tafi tare. Idan wani abu ya ƙi zama, sai ya ɗauki waya ya kira wanda ya rubuta. Sabon shiga kan ji nauyin kiran babban likita, yana tsoron a ce masa ya cika iyayi. Ranar da ya iya cewa, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, ina so ne in tabbatar da abin da ka rubuta wa wane," ranar ya fara zama ma'aikaci.

Sai lissafi, musamman na yara, inda awo ke bin nauyin jiki. A ɗauki farasitamol, maganin da babu gidan da bai san shi ba. Yaro mai kilo 12 ana ba shi kimanin miligiram 180 a sha ɗaya. Ruwan maganin da aka saba da shi yana da miligiram 120 a kowane mililita 5, wato yaron zai sha mililita 7.5. Amma akwai na jarirai da ake ɗigawa, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. Uwar da ta auna 7.5 daga wannan ta ba ɗanta ninki huɗu da ɗoriya, kuma hanta ce za ta ɗauki nauyin. Shi ya sa za ka ga mai harhaɗa magani ya buɗe kwali, ya fito da murfin awo ko sirinji, ya ɗora yatsa a kan layin, ya ce, "Hajiya, nan za ki tsaya, kada ya wuce. Kuma ban da cokalin shayi na gida, girmansu ba ɗaya ba ne." Sannan ya ce ta nuna masa da hannunta. Bai gamsu da gyaɗa kai ba sai ya ga yatsanta a kan layin.

Amma inda gwanintar ta fi ba ni sha'awa shi ne wajen tambaya. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan aiki matambayi ne ke hana wani ɓata. Dattijo ya shigo da takarda daga likitan haƙori, an rubuta masa Flagyl. Maganin yana nan a kanta, kuɗin yana hannu, cikin daƙiƙa talatin ana iya sallamarsa. Sai yarinyar da ke bayan kanta ta dube shi ta ce, "Sannu Baba. Akwai wani magani da ake sha a gida kullum?"

"A'a 'yar nan, sai dai ɗan ƙaramin nan na zuciya da suka ce kada in fasa."

"Baba, ko an zo da kwalinsa? Ko akwai hotonsa a waya?"

Aka laluba aljihu, sai ga warfarin, maganin da ke tsinka jini don kada ya daskare. Flagyl yana hana jiki sarrafa warfarin yadda ya kamata, sai ƙarfinsa ya taru, mutum ya kama zubar da jini ta dasashi ko ta ciki. Likitan haƙorin bai sani ba, domin ba a gaya masa ba. Baba bai faɗa ba, domin a ganinsa ciwon haƙori daban, zuciya daban. Yarinyar ta ba shi kujera, ta kira likitan, aka sauya magani. Dattijo ya tafi yana ɗan ƙorafin an ɓata masa lokaci, bai san abin da aka kau masa ba. Mafi yawan nasarorin wannan sana'a haka suke, wanda aka yi wa ma ba ya sanin an yi.

Tambayar ma sai an iya ta. Wanda aka ce wa "Kana da wata cuta?" yakan ce lafiyarsa lau, ko da yana shan maganin hawan jini shekara goma. Matar aure ba za ta amsa maganar juna biyu a gaban maza biyar da ke layi ba, alhali akwai magungunan hawan jini irin su lisinofiril da ke cutar da ɗan tayi. Don haka sabon ma'aikaci yakan koyi sassauta murya, ya ja mutum gefe, ya san lokacin da zai kira abokiyar aikinsa mace ta karɓi zancen. Yakan koyi tambayar jiƙo da sassaƙe ba tare da raini ba, domin wanda aka yi wa dariya sau ɗaya ba zai sake faɗin gaskiya ba.

Bayan tambaya sai bayani, kuma bayanin dole ya shiga cikin rayuwar mai sha. Maganin zazzaɓin cizon sauro irin Coartem sha shida ne cikin kwana uku: na biyu bayan awa takwas da na farko, sauran safe da dare, kuma ya fi shiga jiki idan an haɗa da abinci mai maiƙo ko madara. Maganin Sifro kuwa akasin haka ne, nono da madara da maganin ƙwannafi suna riƙe shi a hanji, don haka mai shan fura da nono da rana sai an ce masa ya ba da tazarar awanni. Idan azumi ya gabato, masu ciwon suga kan cika kanta, kuma wanda ke shan irin su Daonil yana cikin haɗarin sugansa ya faɗi ƙasa warwas kafin a sha ruwa. Gwani zai koya masa alamomin, wato rawar jiki da zufa da jiri, ya kuma tura shi ga likitansa a daidaita awo tun kafin a ga wata. Maimakon "sau uku a rana" a bar mutum da lissafi, sai a ɗaure masa shi da asuba da azahar da lokacin kwanciya, abin da ba zai manta ba.

Akwai kuma aikin da mai saye ba ya gani. A ɗakin ajiya ana jera kaya ta yadda wanda wa'adinsa ya fi kusa shi zai fara fita. Insulin yana zama a firji tsakanin digiri 2 zuwa 8, ba a bari ya yi ƙanƙara, kuma ana rubuta sanyin firjin safe da yamma. A garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, wuta kuma na zuwa tana tafiya, wannan takardar da ke manne a jikin firji tana da nauyin takardar likita. Ana duba lambar NAFDAC a kan kowane kwali, ana kula da inda kaya suka fito. Wanda ya tuna maganin haƙoran jarirai na My Pikin, da ya yi sanadin mutuwar yara 84 tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009 saboda gubar da ta shiga cikinsa, ba zai raina wannan binciken ba. A nan shago mai rassa yana taimakon sabon shiga ƙwarai: kaya daga rumbu ɗaya suke zuwa, dokokin aiki a rubuce suke, kwamfuta na nuna wane reshe ke da abin da ya ƙare a nan. Kuma akwai tsofaffin ma'aikatan kanta da suka san kowane lungu da kowane mai saye. Mai hankali yakan ƙasƙantar da kai ya koya daga gare su, ko da shi ne mai lasisi.

Abu mafi wuya shi ne cewa a'a. Shago kasuwanci ne, ana duba cinikin wata, kuma duk wanda ya fita hannu rabbana ciniki ne ya tafi. Ga mai mura da ya dage sai an ba shi kafso, alhali maganin ƙwayoyin cuta ba ya taɓa mura, sai dai ya ƙara wa cututtuka taurin kai. Ga mai zazzaɓi da ya riga ya yanke wa kansa hukunci cewa na cizon sauro ne, alhali ɗigon jini ɗaya da minti ashirin sun isa a gwada. Ga saurayin da ya zo neman tiramadol babu takarda, ya fara da fara'a ya ƙare da zagi. Tun da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 kowa ya ga irin ɓarnar da sakaci a bayan kanta ke yi wa matasanmu, maza da mata. Irin waɗannan magunguna a kulle suke, kowace ƙwaya da ta fita sai an rubuta ta a littafi. Gwani yana hanawa ba tare da wulaƙanci ba, kuma ba ya barin mutum haka nan: zai ba mai mura abin da zai sauƙaƙa masa, ya gaya wa mai ciwon ƙirji cewa nan ba wurinsa ba ne, ya nufi asibiti yanzu.

Saboda haka, idan ka je sayen magani, ka nemi ganin mai harhaɗa maganin da kansa, haƙƙinka ne kuma ba a biyan ko kwabo. Ka tafi da kwalayen duk abin da kake sha, har da na gargajiya. Idan ka tarar da sabon shiga yana jujjuya takardarka, yana jero maka tambayoyi, yana cewa ka ɗan zauna zai kira likita, kada ka ƙosa. Ka amsa masa da gaskiya, ka ba shi 'yan mintunan nan, domin lafiyarka yake tsarewa da su.