Tudun Adamawa a Littattafan Matafiya

Wanda ya karanta abin da Turawa suka rubuta a kan tudun Adamawa, watau ƙasar nan mai ciyawa da sanyi wadda ta ɗauki Ngaundare da Tibati da Banyo a Kamaru, zai ga sun haɗu a kan magana guda: wai ƙasa ce mai nisa, a ƙuryar duniya. Masana harshe kuwa sun san kalmar "nesa" ba ta tsayawa da ƙafarta, sai an san inda mai magana ya tsaya. Nufina a takardar nan in auna littattafai uku da wannan ma'auni.

Na farko shi ne na Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim. Ya taso daga Kukawa, ya iso mahaɗar Binuwai da Faro ran 18 ga Yuni 1851, ya shiga Yola bayan kwana biyu. Lamiɗo Lawal bai bar shi ya daɗe ba, domin da takarda da 'yan rakiya na Barno ya zo, alhali akwai jayayyar iyaka tsakanin Barno da Adamawa. Saboda haka Barth bai taɓa hawa tudun ba. Duk abin da ya faɗi game da garuruwan kudu daga bakin mutane ya ji shi, ya jera hanyoyin zango bayan zango. A ganina nan ne darajar aikinsa take. Mutumin ya ji Larabci da Hausa da Barbarci, yana tambaya, yana kuma rarrabe abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Amma fa mai karatu ya lura: in har ana iya lissafa wa baƙo masaukan hanya ɗaya bayan ɗaya yana zaune a masaukinsa, to hanyar ta sha sawu tun kafin ya zo.

Na biyu ya fi na Barth ƙanƙanta ƙwarai, shi ne kuma ya fi shafarmu. Eduard Robert Flegel ya hau tudun a 1882, ya kai Ngaundare, aka ba shi lambar wanda ya gano mafarin Binuwai. Wanda ya ja shi kuwa Madugu Muhamman Mai Gashin Baki ne, bafatake mutumin Kano, wanda ya yi shekaru yana kai ayari Adamawa. A 1884 Flegel ya tafi da shi Jamus tare da wani madugu, Ɗan Tambari, sa'an nan a 1885 ya buga ɗan littafi a Hambag mai ɗauke da labarin madugun. An juya shi zuwa Ingilishi bayan shekara wajen ɗari.

Ga abin da ke damun malamin Hausa game da wannan littafi. Madugu Bahaushe ne ya ba da labarinsa, amma da Jamusanci labarin ya fito duniya. Wanda ya taɓa yin fassara ya san abin da ke zubewa a hanya. "Madugu" ya wuce mai nuna hanya, don mai nuna hanya shi ne jagaba. Madugu shi ke shirya da sarakuna a kan kuɗin hanya da na fito, shi ke raba gardama a zango, a wuyansa kuma dukiyar mutane take. Haka "zango" yana nufin masauki, yana kuma nufin tafiyar da ke tsakanin masauki da masauki, har Bahaushe ya mai da shi mudun awon ƙasa. Bature yana awo da mil da agogo, bafatake yana awo da inda akwai ruwa da ciyawar jakuna da sarkin da za a gaisar. Idan aka murƙushe waɗannan kalmomi suka koma "jagora" da "wurin kwana", sai madugu ya zama bara a cikin labarin kansa. Lalle ne a yaba wa Flegel, gama ya kira abokan tafiyarsa abokai, ya kuma ambaci sunayensu, abin da matafiya da yawa na zamaninsa ba su yi ba. Duk da haka taswira sunan Flegel ta riƙe.

Na uku zan wuce shi da sauri. André Gide, marubucin Faransa, ya ratsa Rai Buba da Ngaundare a 1926 kan hanyarsa ta komawa daga Cadi, littafin ya fito a 1928. Alƙalaminsa ya fi na sauran daɗi, ya kuma yi ƙarfin hali wajen tona zaluncin kamfanonin roba a ƙasashen da Faransa ke mulka. Sai dai bai ji Fulatanci ba, bai ji Hausa ba, komai ta bakin tafinta yake zuwa masa. Shi ya sa idonsa ke aiki fiye da kunnensa: tufafi da dawakai da fada suna nan sarai, maganar mutane kuwa ta yi ƙaranci.

To, kada malamai su ɗauka cewa da an maido da muryar madugu magana ta ƙare. Tudun Adamawa ba ƙasar Hausa ba ce. Sunan Ngaundare ma daga harshen Mbum ya fito, ma'anarsa dutsen cibiya, kuma Mbum suna wurin kafin Fulani su kafa mulki a can a shekarun 1830. Harshen da ya haɗa kan ƙabilun tudun Fulatanci ne. Bahaushe baƙo ne mai unguwa tasa a gefen kasuwa. Abin da ya ja ayari ya hau dutsen nan kuwa hauren giwa ne da bayi, bayin kuma daga Baya da Laka da maƙwabtansu ake kamo su. Ga waɗannan mutane hanyar da madugu ke alfahari da saninta hanyar rabuwa da gida ce. Babu ɗaya daga littattafan nan uku da ya zauna ya ji ta bakinsu.

Shawarata ga kwalejojin horon malamai ita ce a karanta labarin Mai Gashin Baki tare da na Ɗorugu, wanda Schön ya buga da Hausa cikin Magana Hausa a 1885. Ɗorugu bai je Adamawa ba, sai a 1852 ya shiga hidimar Barth, bayan mutuwar Overweg. Amma shi an kama shi bawa yana yaro, ya san ayari ta wajen wanda ake kora, kuma Hausarsa tana nan a rubuce, ɗalibi yana iya gwada kalma da kalma. Jirgin ƙasa ya iso Ngaundare daga Yawunde tun 1974, saboda haka ɗalibin da ke son bin sawun madugu yana iya zuwa ya tambayi dattawan unguwar Hausawa sunayen tsofaffin zangunan.